SHUGABA NAGARI TUN DA KAKA YAKE SHIRIN RANI

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa masu saurare, nasiharmu ta yau ga waɗanda Allah Ya ɗora wa jagorancin dukiya da mutane take: mai kamfani, da alhajin da ke da mangaza da motoci, da shugaban ƙungiyar manoma. Ku sani bakuna da yawa suna ci daga hannunku, kuma ranar tsanani ku za a duba.

Tsanani ba baƙo ba ne gare mu. A 1982 gobara ta cinye Babbar Kasuwar Yamai. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta fiye da shekara, fataken Maraɗi da na Ƙonni sun ji a jikinsu. Duk wanda ya zuba jarinsa kaf a ɗaki guda ko hanya guda, shi ya fi shan wuya, yaransa suka sha tare da shi.

Ku dubi Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Tun cikin shekaru 7 na wadata ya shirya wa 7 na fari. Ya ce a bar hatsi a zangarniyarsa, a ci kaɗan. Sa'annan ya nemi riƙon taskokin Masar bisa sifofi biyu: tsaro da sani. Mai amana marar sani zai bar ƙwari su ci rumbu, mai sani marar amana shi ne zai cinye shi.

To, ya kai shugaba, ware wani abu daga riba, kada ka taɓa shi don biki ko sabuwar mota. Rubuta bashi, na kanka da na wanda kake bi, da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan wannan ta sauka. Koya wa mataimaki aiki tun kana da lafiya. Gidajen kasuwanci nawa suka watse bayan sadakar arba'in, don makulli da lissafi suna cikin kan mamaci kaɗai?

In musiba ta sauka, faɗa wa ma'aikata da masu bin ka bashi gaskiya da wuri, kuma ka fara rage naka kafin nasu. A shekarar yunwa ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umaru ya haramta wa kansa man shanu har talakawa su samu, ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci Madina.

Wannan tanadi ba ya warware tawakkali, ƴan'uwa. Ɗaure raƙumi Annabi ya yi umurni da shi, tare da dogara ga Allah.

Allah Ya karɓi azuminmu, Ya ba shugabanninmu hangen nesa da riƙon amana. Amin.