Jawabin Malamar Sana'a Kan Mariƙin Waya

Ruwan rezin da muke yin mariƙin waya da shi kwalba biyu ne, sai an haɗa su yake daskarewa. Ku auna yadda aka rubuta a jikin kwalbar, kada ku yi da ka. In awo ya kuskure, abin zai yi ta danƙo, dinarinku ya tafi a banza. Zafin Sabha kuwa yakan sa ya kama kafin a gama zubawa a mazubi, shi ya sa da sassafe za mu riƙa yi. Ku kifa kwano a kai saboda ƙurar gibli, sai washegari ku cire. Safar hannu dole ce, yana cin fata. Mai goyo ta miƙa wa wata yaron tukuna.