Zaman Lalle Ma Magani Ne

  

Ni 'yar kasuwa ce, ban saba tsayuwa gaban jama'a ba sai dai gaban tire. An yi maganar adashe, an yi maganar rance da riba. Ni kuwa maganar lalle na zo da ita. Na ga wasu na dariya, to ku saurare ni tukuna.

Mu mutanen ƙasar Rano ba baƙin launi ba ne. A tarihin Hausa Bakwai, Kano da Rano ake kira sarakunan baba, saboda rini. Maza na bakin karofi, mata kuwa nasu launin yana cikin gida: shafen ɗaki da farar ƙasa in salla ta matso, da daɓe, da ƙunshi. Duk cikinsu ba wanda mace ke yi ita kaɗai. Wata ta daka ganyen lalle, wata ta tankaɗe, wata ta kwaɓa, wata ta ɗaure ƙafa. Tsofaffinmu ga su nan, sun san zunguru, wanda ake zura hannu a ciki lalle ya kama.

Yanzu ku duba waɗanda ake yi wa wannan zama. Amarya da za ta bar gidan ubanta tana kuka. Mai jego da ta sha wuya. Sai kuma wadda mijinta ya rasu: wata huɗu da kwana goma tana takaba, ba kwalliya, ba turare, ba lalle. Ranar da ta fita, me 'yan'uwa mata ke yi? Su taru su yi mata kitso, su sa mata lalle. Wato suna ce mata, 'yar'uwa, har yanzu kina cikinmu. Ashe iyayenmu sun san lokacin da zuciyar mace ke rauni, kuma daidai nan suka ajiye lalle.

Hikimar tana wajen jira. Lalle ba ya kamawa da gaggawa. In an ƙunsa miki ƙafa, ba tashi, ba girki, ba wanke-wanke. Macen da tun asuba ba ta zauna ba, dole ta zauna. Hannunta yana cikin hannun wata, kai a sunkuye, ba mai kallon idon wata. A nan ne bakin da ya yi wata uku a rufe yake buɗewa. Abin da ba za ta iya faɗa a taron adashe ba, na bashi ko na kishiya ko na yaron da ya fara shaye-shaye, sai ki ji ya fito a hankali. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ba mu kaɗai muka san wannan ba. A ajinmu na yaƙi da jahilci muka ji labarin wani gari da ake kira Sirigu, a arewacin ƙasar Ghana. Matan can taruwa suke yi su zana bangon gidajensu da jar ƙasa da baƙa da fara, kamar yadda muke gayyar daɓe. Da suka ga abin zai ɓace, a 1997 suka kafa ƙungiya. Yau suna zane a kan ƙyalle suna sayarwa, baƙi na zuwa kallo. Abin da suka gada ne ya zama jarinsu.

Mu fa? Daɓe ya tafi, siminti ya kore shi. Lalle kuma ya koma na kuɗi: ki je wurin mai zane, ki biya, ki tashi. Ba na ƙin sana'a, 'ya'yanmu da yawa da ita suke sayen sabulu, Allah Ya sa albarka. Amma wadda ba ta da ko sisi, wadda aka sako da goyo, wa zai riƙe mata hannu?

Don haka ga roƙona ga wannan ƙungiya. Sau ɗaya a wata, bayan an gama zubi, mu yi zaman lalle, gida-gida muna zagayawa. Ba a biyan kowa. Wadda ta fita takaba, da mai jego, da mai jinya, da wadda aurenta ya mutu, su za a fara yi wa. 'Yan matanmu masu hannun zane su zo su koya mana fulawa, mu kuma mu koya musu ƙunshin gargajiya. Kada wata ta ce ba ta iya ba. Hannun da ya koyi riƙe fensir bayan shekara arba'in ba zai gaza zana ganye ba.

Sai sharaɗi uku. Na farko, abin da aka faɗa a kan tabarmar lalle, a nan zai tsaya. In ya koma gulma, mun kashe maganin. Na biyu, jan lalle za mu yi, na ganye. Baƙin nan da ake haɗawa da rinin gashi yana da sinadarin da ke sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, har fata ta saɓule. Na uku, lalle ba ya maye gurbin likita. In muka ga 'yar'uwa ba ta barci, ba ta cin abinci, ko mai jego ta ƙi jaririnta, ko tana ambaton gara ta mutu, kada mu ce ta yi haƙuri kawai. Mu sanar da mijinta ko danginta, mu raka ta babban asibitin Rano. In abin ya fi ƙarfin nan, akwai likitocin damuwa a Asibitin Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau. Ba abin kunya ba ne, ciwo ne kamar hawan jini.

Shugaba, in an amince, a sa gidana a farkon layi, garin lallen kuma ni zan kawo.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan da su suka riga mu, Ya yaye wa kowa abin da ke damunta, Ya bar mu tare.