Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Tsofaffin Ɗalibai Na Bana

Shugaban taro, malamanmu masu girma, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Tun da na iso Yelwa jiya, tambaya ɗaya ake yi mini: wai har yanzu karatun bai ƙare ba? To, digirin digirgir dai na gama. Abin da nake yi yanzu Turawa ke kira fosdok, wato zaman ƙwarewa a ɗakin binciken wani babban malami, kamar yadda yaron Basarke kan daɗe a jirgin maigidansa kafin ya sassaƙa nasa. Kwantiragi ne na shekara 2 ko 3. In kuɗin binciken suka ƙare, kai ma ka ƙare, sai ka nemi wani wuri. Sau biyu ke nan ina kwashe iyalina daga wani gari zuwa wani. Kada wani ya ce ban faɗa masa ba.

Fannina shi ne yadda garkuwar jiki ke yaƙar ciwon daji. Jikinmu na da dakaru, ƙwayoyin T, kuma suna da birki don kada su far wa lafiyayyen nama. Ciwon daji ya iya taka wannan birki, sai dakarun su tsaya suna kallo. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan su suka nuna yadda za a saki birkin, har aka ba su kyautar Nobel a 2018.

Amma ba Nobel ta kawo ni gabanku ba, tsargiya ce. Wa a cikinmu bai yi wanka a bakin tafki ba, daga Wara zuwa Zamare? Muna yara, fitsarin jini abin dariya ne, wasu ma suna ɗaukarsa alamar balaga. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya kwanta, kuma kwantaccen ruwa gidan dodon koɗin da ke rainon tsutsar ne. Ƙwanta kan maƙale a bangon mafitsara, garkuwar jiki ta yi ta kai masa hari shekara da shekaru, har wajen wasu ya rikiɗe ya zama ciwon dajin mafitsara. Masunci daga Shanga ko Ngaski ba ya isa asibitin koyarwa na Sakkwato sai abin ya ci jiki.

Ku dubi tabon da ke damtsenku. Allurar BCG ce ta tarin fuka. Tun 1976, da Alvaro Morales ya gwada a Kanada, ana zuba ta cikin mafitsara don ta tayar da garkuwar jiki kan ciwon. Sai dai nau'in da ta fi yi wa aiki shi ne wanda ya fi yawa a Turai, kuma sai an kama shi da wuri. Wanda tsargiya ke haifarwa daban ne, kuma masu bincike a kansa kaɗan ne ƙwarai. A ɗakin da nake aiki, ni kaɗai na taɓa ganin mai fitsarin jini da idona.

Shi ya sa nake roƙon ƙungiya ta ɗauki nauyin ɗalibai biyu masu son kimiyya daga makarantarmu har su gama jami'a. Ni kuma na yi alkawarin duba takardun duk wanda zai nemi gurbin bincike a waje. Malamai, ku kuka san yaran, ku ba sakatare sunayensu kafin mu watse.

Allah ya mai da kowa gida lafiya.