Ɗalibi Da Wariya Wajen Neman Ɗakin Haya

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, tun bayan rikicin Jos na 2001 unguwanni suka rarrabu bisa addini, har akan hana ɗalibi ɗaki saboda sunansa kawai. Alamomin a bayyane suke: dillali ya ce akwai ɗaki, da jin suna ya ce an riga an kama, ko kuwa a ninka kuɗin haya. Kada mu yi husuma. Mu tura wani ya sake tambaya, mu kafa shaidu, sannan mu kai kuka ga mai unguwa da ofishin harkokin ɗalibai. In an ba mu, a rubuta yarjejeniya, mu karɓi rasit. Masu gidaje daga cikinmu kuma, kada mu yi wa ɗan wani zaluncin da muke kuka da shi.