Wanda Maximoff: Asali da Ikon Wata Matsafiya a Labaran Zane na Amurka



Gabatarwa

Wannan lacca ta shafi wata mace wadda ba a taɓa haihuwarta a duniya ba, amma an yi fiye da shekara 60 ana gardama a kan ko 'yar wane ne ita, kuma daga ina ta sami ikonta. Sunanta Wanda Maximoff, laƙabinta kuwa Scarlet Witch, watau matsafiya mai jan tufafi. Tana ɗaya daga cikin taurarin labaran zane na kamfanin Marvel da ke Amurka.

Labaran zane dai mujallu ne da ake fitarwa wata-wata, ana ba da labari a cikinsu ta hanyar hotunan da aka zana a jere, maganar kowane mutum tana rubuce kusa da bakinsa. Abubuwa biyu suka bambanta su da sauran adabi. Na farko, taurarin labarin mallakar kamfani ne, marubuta da masu zane kuwa ma'aikata ne, wannan ya zo ya yi shekarunsa ya wuce, wani ya ɗora. Na biyu, duk abin da ya auku a fitowar bara ana ɗaukar ya auku ke nan, ba a share shi sai da dalili. A tatsuniya Gizo yana iya halaka yau, gobe a same shi yana yaudarar Kura, ba mai tambaya. A labaran zane kuwa masu karatu suna riƙe da lissafi. Saboda haka marubucin da yake son ya sake wani abu dole ya ƙirƙiro hujja a cikin labarin kansa. Tarihin Wanda tarihin irin waɗannan hujjoji ne.

Ya kamata a daidaita kalma tun da wuri. Wanda ba mayya ba ce a ma'anar Hausa, domin ba ta kama kurwa, ba ta cin mutane. Ba kuma bokanya ba ce mai ba da magani. Kalmar matsafiya ta fi kusa da ita, ko da yake, kamar yadda za a gani, an yi shekara 10 ana kiranta da wannan laƙabi alhali ba ta san kome ba a tsafi.

Farkon fitowarta

Stan Lee da Jack Kirby su suka ƙirƙiro ta. Ta fara bayyana a mujallar X-Men, fitowa ta 4, ta watan Maris na 1964, tare da ɗan'uwanta tagwai, Pietro, mai gudun walƙiya. An nuna su a matsayin rikiɗaɗɗu, watau mutanen da aka haifa da wani canji a ƙwayoyin halittarsu wanda yake ba su baiwar da sauran mutane ba su da ita. A wani ƙauye na Turai baiwar Wanda ta jawo gobara ba da nufinta ba, mutanen ƙauye suka taso mata za su kashe ta, sai Magneto, babban abokin gaban X-Men, ya cece ta. Don biyan wannan bashi ita da ɗan'uwanta suka shiga ƙungiyarsa, ransu bai so ba. A 1965, cikin mujallar Avengers fitowa ta 16, suka bar shi suka koma ɓangaren jarumai a ƙarƙashin Captain America.

Ikonta a wancan lokaci ƙarami ne, kuma ba shi da tabbas. Idan ta nuna abu da hannu, sai mugun tsautsayi ya faɗa masa: bindiga ta ƙi tashi, bango ya rufta, mai gudu ya yi tuntuɓe. Abin da ya fi kama da shi a Hausa shi ne jifa. Ita kanta ba ta san abin da jifar za ta haifar ba, wani lokaci ma takan komo kan abokanta. Daga baya aka yi wa abin bayani irin na kimiyya, aka ce tana sarrafa yiwuwar abubuwa ne, ta mai da abin da da wuya ya auku ya zama ya auku.

A nan ne asalin matsalar yake. Ikon mai ƙarfi yana da ma'auni, ana iya cewa yana ɗaga kaza, ba ya ɗaga kaza. Haka ma ikon mai gudu. Amma wanda yake juya yiwuwar abu ba a san inda iyakarsa take ba. In har tana iya sa bindiga mai lafiya ta ƙi tashi, to me zai hana ta sa matacce ya tashi? Bambancin kawai shi ne ɗaya ya fi ɗaya wuyar aukuwa. Lee da Kirby sun bar ƙofa a buɗe, waɗanda suka biyo bayansu kuwa kowa ya ƙara faɗaɗa ta.

Yadda ta zama matsafiya

A 1954 kamfanonin labaran zane na Amurka suka kafa wa kansu dokar tace labarai, bayan an zarge su da lalata tarbiyyar yara. Dokar ta hana nuna abubuwan tsoro da dama, irin su masu shan jini da gawarwaki masu tafiya. A 1971 aka sassauta ta, labaran aljanu da sihiri suka yi kasuwa. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A 1974 marubuci Steve Englehart ya haɗa Wanda da wata tsohuwar matsafiya, Agatha Harkness, ta shiga koya mata sihiri na sosai. Shi ne kuma ya aurar da ita a 1975 ga Vision, wani mutum-mutumin inji mai hankali da tausayi.

A 1979, cikin Avengers fitowa ta 185 zuwa 187, aka ƙara wani bayani. Aka ce an haife ta ne a kan dutsen Wundagore, a wata ƙasar Gabashin Turai ta ƙirƙira mai suna Transia, kuma a cikin dutsen akwai wani tsohon ifiritu, Chthon, a ɗaure. Daren da aka haife ta ya shafe ta da ikonsa, don ya yi amfani da jikinta idan ta girma. A 1998 Kurt Busiek ya tattara waɗannan zaruruwa, ya ce baiwar haihuwarta ita ce ta ba ta damar taɓa wani irin sihiri na hargitsi wanda ya samo asali daga ifiritun. Ashe ke nan iko guda an ba shi tushe uku: halitta, koyo, da shafar aljan.

'Yar wane ne?

Asalin iyayenta ya fi ikonta yawan sauyi. A 1974 Roy Thomas ya ce iyayen tagwayen su ne Whizzer da Miss America, wasu jarumai na labaran shekarun 1940. A 1979 aka rushe wannan, aka nuna cewa wani Baromane mai suna Django Maximoff da matarsa Marya su suka riƙe su, kuma ungozomar da ta karɓi haihuwarsu, Bova, saniya ce wadda wani masanin kimiyya, High Evolutionary, ya mai da ita mai siffar mutum. A ƙarshen wani gajeren jeri da Bill Mantlo ya rubuta a 1982 zuwa 1983 aka bayyana cewa Magneto ne mahaifinsu: matarsa Magda ta gudu da ciki bayan ta ga irin ɓarnar da ikonsa yake yi. Wannan bayani ya yi nauyi, domin tun 1981 Chris Claremont ya nuna Magneto a matsayin wanda ya tsira daga sansanin 'yan Nazi. Shekara 30 da ɗoriya aka zauna a kan haka.

A 2014 Rick Remender ya warware shi. Wanda ta yi jifar da za ta kama duk wanda suka haɗa jini, ta kama Pietro, ta bar Magneto. A 2015 aka ƙara da cewa tagwayen ba rikiɗaɗɗu ba ne ma, High Evolutionary ne ya yi gwaji a kansu suna jarirai. Ruwa ba ya tsami banza. A lokacin kamfanin Fox ne yake riƙe da izinin yin finafinan X-Men da rikiɗaɗɗu, Marvel kuwa tana shirin sa tagwayen a fim ɗin Avengers na 2015, kuma masu karatu da yawa sun danganta sauyin da wannan ciniki. A jerin da James Robinson ya rubuta daga 2015 zuwa 2017 aka sake ba ta uwa, Natalya Maximoff, 'yar'uwar Django, wadda ita ma matsafiya ce mai wannan laƙabi. Ta haka tsafin ya koma gado.

Abu guda da ya fi daɗewa a cikin asalinta shi ne dangantakarta da Romani. Su al'umma ce ta gaske, kakanninsu sun fito daga arewacin Indiya, an bautar da su a yankunan da suka zama Romaniya har zuwa tsakiyar shekarun 1850, 'yan Nazi kuma suka kashe dubban ɗaruruwansu. Adabin Turai ya daɗe yana nuna matansu a matsayin masu duba da masu sammu, kuma labarin Wanda ya gaji wannan kallo. Duk da haka tana cikin 'yan taurari kaɗan na wannan al'umma da duniya ta sani, shi ya sa aka yi ƙorafi da finafinan suka mai da ita 'yar wata ƙasar ƙirƙira, Sokovia, ba tare da ambaton Romani ba.

Iko da hauka

A 1986 Englehart ya sa ta haifi tagwaye maza, Thomas da William, ta hanyar sihiri, tun da mijinta inji ne. A 1989 John Byrne ya rushe gidan gaba ɗaya. Aka wargaza Vision, aka sake haɗa shi ba tausayi a zuciyarsa. Aka ce yaran ba mutane ba ne, ɓaraguzan ran wani shaiɗani ne, Mephisto, wanda ya karɓe abinsa. Agatha kuwa ta shafe tunaninsu daga ƙwaƙwalwar uwar don ta huta.

A kan wannan rauni Brian Michael Bendis ya gina labarinsa na 2004. Wanda ta tuna da 'ya'yanta, hankalinta ya gushe, ta tarwatsa ƙungiyar Avengers, Vision da Hawkeye da Ant-Man suka mutu. A 2005, cikin House of M, ta sake halittar duniya baki ɗaya yadda kowa zai sami muradinsa, sa'an nan da abin ya lalace, ta furta kalmomi uku, miliyoyin rikiɗaɗɗu suka wayi gari ba baiwa, 'yan ɗaruruwa suka rage. Babban editan Marvel na lokacin, Joe Quesada, bai ɓoye ba cewa yana ganin rikiɗaɗɗu sun yi yawa a labaran. Watau kamfani ne yake son ragi, Wanda ce wuƙar da aka yi yankan da ita, ita ce kuma ta ɗauki laifin shekara da shekaru.

A nan akwai abin lura ga mai nazarin adabi. Doctor Strange, matsafin da Steve Ditko da Stan Lee suka fitar a 1963, ya sami ikonsa ta hanyar karatu a gaban malami, kuma yawan ikon ya ƙara masa daraja. Wanda kuwa, kamar Jean Grey a labarin Dark Phoenix na 1980, duk lokacin da ikonta ya kai ƙololuwa sai a sa ta haukace. Darasin da yaro mai karatu zai ɗauka a fili yake: namiji yana mallakar iko, mace kuwa iko ne yake mallakarta. An yi ƙoƙarin gyara. Allan Heinberg, a jerinsa na 2010 zuwa 2012, ya dawo mata da 'ya'yanta a siffar wasu samari biyu, Wiccan da Speed, ya kuma ɗora wani kaso na laifin a kan Doctor Doom. A jerin Steve Orlando na 2023 an nuna ta da shago mai wata ƙofa wadda take buɗewa ga duk wanda ya rasa mafita. Amma finafinai, inda Elizabeth Olsen take fitowa a matsayinta, sun koma tsohuwar hanya: WandaVision na 2021 ya nuna baƙin cikinta da tausayawa, fim ɗin Doctor Strange na 2022 kuwa ya mai da ita mai kisa don neman 'ya'yanta.

Kammalawa

Wanda ya tambayi asalin Wanda Maximoff sai a tambaye shi: na wace shekara? Ta yi 'yar jarumai, ta yi 'yar Magneto, ta yi 'yar matsafiya. Ikonta ya tashi daga sa mutum tuntuɓe ya kai ga sake duniya. Kowane sauyi yana da dalili a cikin labari, yana kuma da dalili a wajensa, ko dokar tace labarai, ko bukatar edita, ko cinikin finafinai. Ita 'yar riƙo ce, kowane marubuci ya yi mata tarbiyyar da ta dace da gidansa.

Saboda haka ɗalibin da zai yi nazarin irin wannan adabi, kada ya tsaya ga abin da aka zana a shafi. Ya duba shekarar fitowa, ya duba sunan marubuci, ya binciki wanda yake da mallakar tauraruwar da abin da yake bukata a wannan shekara. Haka kuma matasan da suke sha'awar ƙirƙiro nasu taurarin, ya kamata su yanke tun farko inda ikon tauraro ya tsaya, da abin da yake biya kafin ya yi amfani da shi, domin ikon da ba a yi wa iyaka ba, wani ne zai zo daga baya ya yi amfani da shi yadda ya ga dama.