Dogara ga Allah a ranar da gida ya ƙone

A watan Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi da Kwarhi, inda hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. Watanni shida kafin nan an kwashe ɗalibai mata 276 a Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ikilisiya. Duk da haka masu bi ba su daina taruwa yin sujada ba, ko da a sansanin gudun hijira ne. Wasu na cewa wannan dogara ga Allah miƙa wuya ce kawai, hanyar rufe bakin wanda aka zalunta. Ban yarda ba, kuma Littafi Mai Tsarki kansa bai koyar da haka ba.

A duba Ayuba. Ya rasa 'ya'ya goma, ya zauna cikin toka yana sosa gyambunansa da tsingaro, kuma bai yi shiru ba. Ya yi kuka, ya kai ƙara gaban Mahaliccinsa babi bayan babi. Abokansa uku suka nace lallai zunubinsa ne ya jawo masa, amma a ƙarshe su Allah ya tsawata wa. Har littafin ya ƙare ba a faɗa wa Ayuba dalilin wahalarsa ba. Yesu ma ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru. Saboda haka uwar da ke durƙusawa da asuba tana addu'a, da rana kuma ta tambayi hukuma ina 'yarta, hanyar Ayuba take bi.