Madubi Kafin Sitiyari: Jawabi Ga Masu Koya Wa Yara Tuƙi



Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ɗaurin rauni na sani, ba tuƙi ba. Abin da ya tsayar da ni gabanku shi ne wata yarinya 'yar shekara 4 da aka kawo mana da karaya a cinya. Yayanta ne, mai koyon tuƙi, ya yi baya da mota a ƙofar gida, bai san tana nan tsugune ba.

Da yawanku ku ne malaman tuƙin 'ya'yanku da yaran shagonku. Wanda kuke koya wa yau a fili bayan gari, gobe shi zai ɗauki kaya daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Illela zuwa Birnin Konni, a tsakiyar babura da amalanke da masu tafiya a ƙasa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin ya tayar da mota, ya fara gyara kujera, sannan madubai uku. Na tsakiya ya nuna masa gilashin baya gaba ɗaya; na gefe kuma su nuna hanya, da ɗan kaɗan na jikin motar.

Daga nan ku ɗora shi a kan tsari guda: madubi, sigina, waiwaye, sannan motsi. Haka zai yi kafin ya tashi, kafin ya sha kwana, kafin ya wuce wata mota. Kafin ya taka birki ma ya dubi madubi. Kallon ya zama na ƙiftawar ido, domin motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya.

Waiwayen fa, me ya kawo shi? Akwai wurin da madubi ba ya kamawa. Ku gwada masa: mota na tsaye, yana zaune, wani ya zagaya ta a hankali, shi kuma ya yi magana duk lokacin da mutumin ya ɓace masa. A nan ɗan acaba, wato ɗan kabu-kabu, yake shigewa. Ku sanar da shi kuma cewa madubin gefe mai doro yakan nuna abu da nisa alhali yana kusa.

Idan buhunan albasa ko na wake sun toshe gilashin baya, madubin gefe kaɗai ya rage masa. Wanda ya fashe a canza shi kafin a yi lodi. Masu babur kuma, don Allah ku daina cire madubi saboda ado.

A gida ko a kasuwa, kafin ya yi baya, ya sauko ya zagaya motar da ƙafarsa. Ƙaramin yaro ba ya fitowa a madubi. In kun lura yana matse ido kafin ya gane abu, ku kawo shi asibiti a duba idanunsa.

Allah ya kiyaye hanya, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya.